Man Roba a Motar Baba

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya buɗa maka ƙofofin arziki na halal, Ya tsare ka a inda kake, Ya raya mana yaran nan cikin albarka. Mu nan duk lafiya lau, sai godiya. Umma tana nan da ƙarfinta, in ban da hawan jinin nan da ka sani, wanda likita ya ce ya ɗan sauka, ita kuma ta ce na'urar likitan ce ta gaji. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayansa har ya koma bakin aiki. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da sana'a sai barci da danna waya. Ƙaninmu Auta yana nan yana jigilar yaran makaranta da motar Baba, kuma maganar aurensa ta fara ƙarfi, amma wannan labari ne na wata rana.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne Umma ta hana ni kiranka a kan maganar da zan faɗa maka, sai da ta sa na yi mata alkawari ba zan ɗaga waya ba. To, ban ɗaga ba. A kan biro da takarda dai ba ta ce komai ba, ni ma ban tuna mata ba. Da na ji Dogo abokinka zai koma wajenku sai na ce ga dama ta samu. Don Allah ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin karatun da kake yi wa saƙon waya, ka duba layin farko ka ce ka gane.

Maganar a kan man nan ce da ka aiko, amma bari in ɗauko ta daga baya kaɗan. Ka tuna yadda Baba, Allah Ya jiƙansa, yake yi da motar nan kowace safiya? Kafin ya sa komai a baki sai ya ɗaga bonet, ya zaro ƙarfen gwada mai, ya goge shi da tsumman nan da yake ajiyewa a aljihun ƙofa, ya mayar, ya sake zarowa, sannan ya murza man tsakanin yatsu biyu yana kallon sama. Idan ya ga ya yi baƙi, ranar ba wanda zai ji wata magana a gidan sai ta juye, wato canza mai. Da ya rasu kai ka gaji wannan aikin, daga nesa. Bayan 'yan watanni sai ka kira Auta ka tambaya ko mai ya yi baƙi, ka sa shi ya fita ya zaro ƙarfen ya faɗa maka launinsa, ka yi masa faɗan filta, sannan ka ce a ba Umma wayar. Daga nan hira ta ɓarke ke nan, sai wayar ta yi zafi a kunnenta. Duk mun san halinka tun kana ƙarami, ba ka iya kiran mutum haka kawai ka ce kana kewarsa, sai ka nemo dalili, kuma baƙin mai shi ne dalilinka. To, tun da kwalin man nan naka ya shigo gidan Umma ba ta sake jin muryarka ba. Rubutun da kake turo wa Auta jefi-jefi ba ta karanta shi, ko an karanta mata kuwa muryar Auta take ji, ba taka ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni sakat.

Ranar da Dogo ya kawo kwalin ina gidan. Auta ya farke shi yana rawar jiki, ya fito da galan mai ƙyalli da sabuwar filta, sannan ya kunna mana saƙon muryar da ka turo masa. A ciki ka ce wannan ba irin baƙin man da muka saba da shi ba ne, sintetik ne, yana jure zafi, yana wanke injin, kuma idan aka zuba shi sai ya shekara ba a taɓa shi ba. Ka ce ko ya yi duhu kada mu damu, launinsa ba ya nuna gajiyarsa, mu huta da zirga-zirgar gareji, kai ma ka huta da tunatarwa. Umma ta tambayi Auta mene ne kuma sintetik, shi kuwa da iyayinsa ya ce ai na roba ke nan, wanda aka haɗa a masana'anta. Injiniya, kalmar nan ba ta kwanta mini ba ko kaɗan. Me muka taɓa sani na roba da ya zama abin kirki? Gashin roba, haƙorin roba, furen roban nan da yake tara ƙura a kan talabijin ɗin Umma, har da murmushin roba irin na maƙwabciyarmu mai baƙar ƙofa. Duk abin da aka ce na roba ne, to na gaskiyar ne ya gagara. Na buɗe galan ɗin na leƙa, sai ga abin da ake kira baƙin mai fes kamar zuma, kuma tsinkakke, kai ka ce an sirka shi da ruwa. Auta ya yi mini dariya, wai sabon mai ai dama ba baƙi ba ne. Na ce na sani, ba yau aka haife ni ba, amma wannan kyansa ya yi yawa, ni kuma ban yarda da abin da ba a gane gajiyarsa a fuska ba.

Saboda haka ranar juye ban bar Auta ya tafi shi kaɗai ba, na yafa mayafina na shiga gaba. Garejin Baba Sufana yana nan yadda ka bar shi, ƙasa baƙa ƙirin, tsofaffin injuna a jingine da bango, ga kujerar motar nan da ya mayar bencin baƙi, wadda ƙarfenta yake sukar mutum. Shi ma yana nan, sai furfura da ta ƙaru. Ya karɓi galan ɗin ya juya shi, ya shinshina, ya taɓe baki, ya ce shi dai zai zuba tun da an ce ya zuba, amma injin da ya kai shekarun wannan ya saba da mai kauri. Ya ce dattin da yake ciki shi ne ya toshe masa 'yan kafofinsa, idan aka wanke shi tas to mu shirya ganin ɗiga. Bai rufe baki ba sai ga mai shagon kayan mota na tsallaken titi, ba wanda ya kira shi, ya tsoma baki. Wai Baba Sufana zamani ya wuce shi, wai motar da take wuni cikin cunkoso da zafin rana ɗauke da yara ba abin da ya fi dacewa da ita irin wannan man, yana ratsa injin da wuri in an tayar da safe, kuma tsadarsa tana fanshewa tun da ba a yawan canza shi. Daga ƙarshe ya rage murya ya ce shi ma yana da irinsa sak a shago, kuma zai yi mana sauƙi. Na bi shi na duba nasa, sai na ga takardar jikin galan ɗin a karkace, murfin kuma kamar an taɓa buɗewa. Na dubi wannan, na dubi wancan. Ɗaya da juye yake ci, ɗaya da sayarwa yake ci, kowa kuma yana rantsuwa don Allah yake faɗa mini gaskiya. Na koma na tsaya a kan Baba Sufana har ya juye galan ɗinka kaf a idona, sannan na karɓe fankon na taho da shi gida.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: motar ta canza. Ƙarar nan da take yi da safe kamar ana kaɗa cokula a gwangwani ta ragu sosai, Auta ya ce ko a cunkoso allurar zafi ba ta hawa kamar da. Sai dai maganar Baba Sufana ma ba ta faɗi ƙasa ba, don ba a jima ba muka fara ganin ɗigo a kan simintin da ake ajiye ta, ba mai yawa ba, amma kullum sai an gani. Auta ya yago gefen kwalinka ya shimfiɗa a ƙarƙashinta. Kowane ɗayansu ya yi gaskiya rabi, ni kuma na rasa wanda zan ji haushi, sai na ci gaba da jin haushin su duka.

Ana nan watanni suka fara turawa. Duk lokacin da na leƙo gidan sai in tarar da Umma a kujerarta ta bakin ƙofar falo, inda take hango motar, wayarta a cinya. Da farko takan tambayi Auta ko mai ya yi baƙi, shi kuma ya ce Umma ai kin ji abin da Yaya ya ce, wannan ko ya yi baƙi ba komai, sai shekara. Sai ta ce haka ne fa, ta mance. Daga baya ta daina tambaya. Wata rana wayar ta yi ƙara, na ga yadda ta zabura har carbinta ya faɗi, ashe masu tallar kamfanin waya ne. Ta saurare su har suka gama, sannan ta ajiye. Wallahi Injiniya ranar da kana kusa da ka ji abin da ba ka taɓa ji daga bakina ba. Na ce zan kira ka, a nan ne ta sa ni alkawarin da na faɗa maka, ta ce yaro yana can yana fama da aiki, kuma ita ba za ta roƙi a kira ta ba.

To, a cikin wannan halin ne na fara lura da wasu abubuwa, ka san idona ba ya barci. Na farko, ƙarar cokulan nan ta dawo. Na biyu, kwalin ƙarƙashin mota ya bushe, ɗigon ya tsaya cak. Na uku, Auta ya yi sabon takalmi, mai kyau kuwa, irin wanda jigilar yara ba ta saya. Na bari ya shiga wanka, na ɗaga bonet, na zaro ƙarfen na goge da tsumman Baba, don yana nan a aljihun ƙofar har yau, na murza man a yatsuna yadda na ga yana yi. Mai kauri ne, mai danƙo, ba tsinkakken nan da na gani da idona ba. Daga nan ban zame ko'ina ba sai gareji. Baba Sufana ya fara kame-kame, yana goge hannun da ba abin da ya taɓa, har dai na tsare shi da ido ya ce e, kwanakin baya Auta ya zo da jarka wankakkiya, ya sa an tsiyaye man roban a ciki, aka zuba wanda aka saba, ya ɗauki jarkar ya tafi. Inda ya kai ta kuwa, ya ce shi bakanike ne, ba ɗan sanda ba. Da na fito sai na hango mai shagon nan yana ɗaga mini hannu yana washe baki, na ce a raina shi ke nan, ga ɓarawo ga mai saye.

Na dawo gida a fusace na tarar da Auta yana goge gilashi. A gaban motar na yi masa wankin babban bargo. Na ce ɗan'uwanka ya ɗauko abu tun daga wata duniya don ya kare abin da Baba ya bari, kai kuma ka tsiyaye ka sayar ka sa a ƙafa. Na ce mutumin da ake shirin damƙa masa 'yar mutane, ashe galan ɗin mai ma ba za a iya ba shi amana ba. Ya yi tsuru-tsuru, idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi bai sayar da komai ba, takalmin kuma mahaifin wasu yara da yake ɗauka ne ya ba shi don ya matse shi. Na ce to ina jarkar? Ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya faɗa ba. Wannan amsar ta ƙara tunzura ni, na miƙa hannu na ce ya ba ni makulli, ba zai sake tuƙa motar ba sai na yi magana da kai. Ya ciro ya ba ni.

Ina juyawa na ji Umma tana kirana daga ɗaki. Na same ta zaune a bakin gado, ta ce in rufe ƙofa, sannan ta ce in durƙusa in jawo abin da yake ƙarƙashin gadon, don gwiwarta ba za ta bari ba. Na sa hannu na jawo. Jarkar ce, an naɗe ta da tsohon tawul ɗin Baba, an ɗaure bakinta da leda kada ƙura ta shiga. Ta ce ita ta aiki Auta, ita ta ce ya yi shiru, kuma ko ɗigo ba a zubar ba, don abin da ɗanta ya aiko ba za ta bari ya tafi kwata ba. Na tambaye ta dalili, ko ita ma tsoron roban take ji. Ta ce ita ba ruwanta da roba ko ba roba ba, ba ta san injin ba, ba ta kuma ce man ba shi da kyau ba, tun da kai ka zaɓo shi. Ta ce amma na da, idan ya gaji yana yin baƙi, idan ya yi baƙi kuma akwai abin da za a faɗa maka. Wai shirinta shi ne ta jira ya yi baƙi sosai, sai Auta ya ɗauki hoton ƙarfen ya turo maka kamar bai san komai ba, kai kuma ka kira ka yi faɗa, in ka gama faɗan ka ce a ba ta wayar. Tana faɗa tana gyara bakin tawul ɗin, ba ta kalle ni ba. Na mayar da jarkar inda take, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Makullin dai na mayar wa Auta, na haɗa masa da 'yar ban-haƙuri, gajera, don kada ya saba. Shi kuwa ya samu abin tsokana, duk inda ya gan ni sai ya ɗaga ƙafa ya tambaye ni ko takalmin ya yi ɗiga.

Yanzu in ka tambaye ni ko man roban ya cancanci a zaɓe shi a kan wanda muka saba, zan ce maka har yau ban gama yarda da shi ba, amma na ga aikinsa da idona, na kuma ji da kunnena. Wataƙila ga sabuwar mota irin taka babu kamarsa. Wataƙila ko ga tamu, in aka gyara inda take ɗiga aka kuma tabbatar ba na shagon tsallaken titi ba ne, zai fi mata. Wannan kai da Baba Sufana ku ƙarata, ni malamar makaranta ce, ba bakanike ba. Wanda nake zargi yanzu ba mai ba ne, ba bakanike ba ne, ba Auta ba ne, kai ne. Na sa Auta ya sake kunna mini saƙon nan naka, na saurari inda ka ce kai ma ka huta da tunatarwa, kuma kalmar ta tsaya mini a rai. Ina so in yarda cewa motar kawai ka tausaya wa, don na san zuciyarka, na goya ka a bayana. Amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah, da ka tsaya a shago kana zaɓen man da yake shekara ba a taɓa shi ba, ba ka ji wani ɗan sauƙi a ranka ba? In ka ji, ban ce kai mugu ba ne, nisa da aiki suna sa mutum haka. Sai dai ka sani, injin ne aka ce yana iya shekara, Umma ba a haɗa ta a masana'anta ba.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce mata na ga hoton labulen da ta ɗinka, hannunta ya faɗa. Ka shafa mini kan 'Yar Lele, ka ce wa Sarkin Kuka gwaggonsa tana nan tana jiran ya girma su yi dambe. Maigidana yana gaishe ka, haka ma yaran duka. Kawu ya ce in tuna maka maganar tabaransa, Gwaggo ta ce ita ba ta gaishe ka sai ka fara gaishe ta. Baba Sufana yana miƙo gaisuwa, Auta ma haka, ko da yake bai san na rubuto ba. Umma kuwa ba ta ba ni saƙo ba, tun da ba ta san da takardar ba, kuma in ka kira kada ka nuna mata ka san komai, ka yi faɗanka yadda ka saba.

Wannan tabon da ka gani a ƙasan takardar ba tawada ba ce. Yau da safe na zaro ƙarfen na dangwala yatsana na shafa maka, don ka gani da idonka. Mai ya yi baƙi, Injiniya, juye ya yi. Wayar tana cinyarta.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci.

Taka har kullum,
Yayarka